Yadda ake sauya tsirkiyar jita mai tsagaggen kai

Wani ɗalibi daga unguwar Mabera a Sakkwato ya aiko da tambaya cewa yayansa ya kawo masa tsohuwar jita daga Birnin Ƙonni, wadda kanta yake da dogayen tsaga biyu, sandunan naɗi kuma suna kwance a cikin tsagar maimakon su tsaya a bisa katako kamar na sauran jitoci. Ya ce ya sayo tsirkiyoyin ƙarfe ya ɗaura biyu, siririyar tana zamewa ba ta tsayawa a saiti, ta huɗu kuma (ana ƙirga su ne daga mafi siriri, ta ɗaya, zuwa mafi kauri, ta shida) tana gugar katako. Yana son ya san ko ana cire tsirkiyoyin duka a lokaci guda ne ko ɗaya bayan ɗaya, da kuma yadda ake naɗin.

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga naɗi, ina roƙonka ka sassauta tsirkiyoyin nan biyu da ka ɗaura, ka bar su sako-sako har sai ka tabbatar da irin jitar da take hannunka, domin tsagaggen kai yana zuwa a kan jita iri biyu waɗanda ba sa ɗaukar nauyi ɗaya. Mafi yawan jitocin da ake gani da irin wannan kai na tsirkiyar nailan ne, wato samfurin Sifaniya wanda Antonio de Torres ya daidaita siffarsa a ƙarni na 19, kuma a da da hanjin tumaki ake yi musu tsirkiya, sai a shekarun 1940 Albert Augustine ya fito da ta nailan a birnin New York tare da haɗin kan makaɗin nan Andrés Segovia. Akwai kuma masu tsagaggen kai da aka ƙera domin tsirkiyar ƙarfe. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, haka yake yin kan galibin jitocinsa har zuwa 1929 lokacin da ya fito da samfurin OM mai kai shafaffe, kuma har yau shi da wasu kamfanoni suna ƙera masu tsagar ga waɗanda suke son tsohon yayi. Bambancin da ya shafe ka shi ne nauyin ja. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, irin waɗanda ake rubuta 12 zuwa 53 a jikin kwalinsu, suna jan jita da abin da ya kai kilo 70 zuwa 75, alhali na nailan ba su cika wuce kilo 40 ba. Idan aka ɗora na ƙarfe a kan jitar da aka yi domin nailan, ba lallai ta nuna komai a ranar farko ba, amma cikin 'yan makonni wuyanta zai lanƙwashe, allon gaba ya kumbura, jaki, wato katakon da tsirkiyoyi suke farawa a kansa, ya fara ɗagowa daga baya, kuma gyaran wannan ya fi kuɗin jitar kanta a mafi yawan lokuta.

Ganewa ba ta da wuya. Ka dubi sandunan naɗin da suke cikin tsagar: idan masu kauri ne na farar roba, kaurinsu kusan milimita 10, jitar ta nailan ce, idan kuwa siraran ƙarfe ne na kusan milimita 6, alama ce ta jitar ƙarfe. Sannan ka dubi jaki, wato katakon da yake manne a kan allon gaba inda tsirkiyoyi suke farawa. Na jitar ƙarfe yana da 'yan turaku shida da ake cusawa cikin huji, na nailan kuwa yana da ƙananan huji shida a kwance da ake zura tsirkiya a ƙulle ta. Faɗin wuya ma yana magana, domin na nailan yakan kai milimita 52 a wajen kai, na ƙarfe kuma tsakanin 43 da 46. A ƙarshe ka leƙa ta bakin jitar wajen gindin wuya, ko akwai kan ƙarfen da ake murɗawa domin miƙar da wuya. Idan alamomin suka saɓa wa juna, misali sandunan na ƙarfe ne amma babu turaku kuma babu ƙarfe a cikin wuya, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin jitoci masu araha da suke shigowa ta gwanjo, shawarata ita ce ka ɗaura nailan. Nailan ba ya cutar da jitar ƙarfe, iyakarta muryarta ta yi ƙasa, amma ƙarfe yana kashe jitar nailan.

Tunda ka ce na ƙarfe ka sayo, zan yi bayanin a kan cewa jitarka ta ƙarfe ce, sannan in faɗi inda aikin nailan ya bambanta.

Game da cire su duka ko ɗaya bayan ɗaya, maganar da ake yawan yi cewa wuyan jita yana lalacewa idan aka cire tsirkiyoyi shida a lokaci guda ba ta da tushe, domin masu gyara haka suke yi kullum idan za su goge ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan da suke jere a gicciye inda ake danna tsirkiya, ko su yi aiki a cikin jitar. A kan tsagaggen kai ma cire su duka ya fi sauƙi, saboda tsirkiya ta uku da ta huɗu, waɗanda sandunansu suke can ƙarshen kai, suna wucewa ta saman sauran, sai su tare maka hanya idan kana son ka yi aiki a sandar da take kusa da wuya. Saboda haka wajen cirewa ka fara da ta uku da ta huɗu, wajen ɗaurawa kuma ka juya tsarin, ka fara da ta shida da ta ɗaya, sannan ta biyar da ta biyu, ka ƙare da ta huɗu da ta uku. Abu biyu kawai za ka kula da su idan jitar ta zama babu tsirkiya: farin ƙashin da yake zaune a kan jaki, da matashin da tsirkiyoyi suke hawa a ƙarshen wuya, domin a wasu jitocin nauyin tsirkiya ne kaɗai yake riƙe da su, suna iya faɗuwa. Ka sa wa ƙashin jaki ɗan ɗigo da fensir a gefen tsirkiya mai kauri, don kada ka mayar da shi a juye. Kada ka yanke tsirkiya tana ɗaure, ka sassauta ta tukuna har ta daina ba da murya, sannan ka yanke ta a tsakiya da filaya, ka zare guntun da yake cikin tsagar a hankali, domin lanƙwasasshen bakinsa shi ne yake karce fentin da yake gefen tsagar. Ni nakan sa ɗan guntun kwali a jikin katakon yayin zarewa. Turakun kuma ka jera su bisa tsarin da ka ciro su, saboda kowanne ya riga ya saba da hujinsa. Idan wani ya ƙi fita, ka sa hannu ta bakin jitar ka turo shi daga ciki da kan cokali, kada ka finciko shi da filaya daga sama.

Ɗaurin wajen jaki yana da sirri ɗaya. Turke ba ƙusa ba ne, ba a buga shi, kuma ba ƙarfinsa ne yake riƙe tsirkiya ba. Aikinsa shi ne ya tura ɗan zoben da yake bakin tsirkiyar zuwa gaba, domin zoben ya maƙale a ƙarƙashin katakon da yake cikin jitar. Don haka ka ɗan lanƙwasa bakin tsirkiyar kusa da zoben, ka zura shi cikin huji, ka bi shi da turke tsagin jikinsa yana fuskantar wuya, sannan ka danne turken da babban yatsa kana jan tsirkiyar sama da ɗaya hannun har ka ji ta tsaya cak. Idan ka ga turke yana tasowa lokacin da kake saiti, zoben ne ya zauna a kan bakinsa, sai ka sassauta ka sake.

Yanzu sai naɗin. Ka murza kunnen jitar, wato maɓallin gefen kai da yake juya sandar, har hujin sandar ya dubi sama, wato ya dube ka idan jitar tana kwance a gabanka a kan tabarma ko tebur da aka shimfiɗa wa zane. Ka ɗora tsirkiyar a gurbinta na matashi, ka zura bakinta cikin hujin daga sama zuwa ƙasa, ka jawo ta ta bayan kai har ta miƙe, sannan ka mayar da ita baya gwargwadon rarar da naɗin yake bukata. Lissafin rarar mai sauƙi ne, domin sandar da kaurinta yake milimita 6 tana cin kusan santimita 2 a kowane zagaye. Tsirkiyoyi masu kauri, ta shida da ta biyar da ta huɗu, zagaye biyu zuwa uku ya ishe su, wato rarar santimita 4 zuwa 6. Sirara biyun nan marasa naɗi a jikinsu, ta ɗaya da ta biyu, suna son zagaye huɗu zuwa biyar saboda santsinsu, wato santimita 8 zuwa 10, ta uku kuma tana tsakani. A kan kai shafaffe idan mutum ya bar rara da yawa iyakaci naɗin ya yi muni, amma a nan faɗin tsagar kusan santimita ɗaya da rabi ne kawai, hujin kuma yana tsakiya, don haka idan zagayen ta shida ya yi yawa zai kai bango ya matse, kunnen ya yi tauri, wani lokaci ma ya ci katakon.

Tsirkiya dole ta hau ta saman sandar, ba ta ƙarƙashinta ba, ma'ana idan kana ɗaurewa saman sandar yana juyawa ne yana nisantar wuya. Idan ka ga akasin haka, ka murza kunnen ta ɗaya wajen. Bayan rabin zagaye za ka ga wutsiyar da ta fita ta ƙasa ta zagayo sama, kuma a nan ne maganin zamewar da ka yi kuka da ita yake: ka karkatar da wutsiyar gefe yadda tsirkiyar da take tahowa daga matashi za ta hau kanta ta danne ta a jikin sandar, ta yadda duk ƙarin ja da aka yi ƙarin matsewa ne. Ga ta ɗaya da ta biyu wasu sukan zagayo da wutsiyar su sake zura ta cikin hujin karo na biyu. Wannan yana riƙewa sosai, sai dai ranar cirewa yakan ba da wahala, yakan kuma soki yatsa, don haka ni na fi son dannewar, sai idan hujin ya yi wa tsirkiyar faɗi ƙwarai. A duk tsawon naɗin ka riƙe tsirkiyar da hannun dama a miƙe, kana danne ta da ɗan yatsa kusa da matashi, domin zagayen su jeru gefe da gefe kamar zare a jikin kwarkwaron keken ɗinki, kada wani ya hau kan wani. Zagayen da ya hau kan ɗan'uwansa yana ci gaba da zama a hankali har kwanaki, kuma duk lokacin da ya motsa saitin ya sauka.

Saura tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a wannan irin kai, wato ta wane gefen hujin zagayen za su tafi, wajen bangon waje inda kunnuwa suke, ko wajen katakon tsakiya. Abin da ake nema shi ne tsirkiya ta tashi daga matashi ta isa sandarta a kan layi mafi miƙewa da zai yiwu, ba tare da ta taɓa katako ko wata tsirkiya ko wata sanda a hanya ba. A mafi yawan jitoci wannan yana nufin ta shida da ta ɗaya su naɗu zuwa waje, domin gurabensu a matashi suna bakin gefe, sauran huɗun kuma su naɗu zuwa ciki, domin daga tsakiya suke tahowa. Amma masu ƙera jita ba su yanka tsagar a wuri ɗaya ba, saboda haka kada ka riƙe wannan a matsayin doka. Kafin ka fara murzawa, ka ja tsirkiyar da hannu ka ɗora ta a kan sandar, ka matsar da ita dama da hagu, ka ga inda ta fi samun sarari, can ne zagayen ƙarshe ya kamata ya tsaya. Ta huɗun da ka ce tana gugar katako, abu biyu ne suke jawo haka: ko dai ka naɗa ta zuwa waje sai ta karkace ta taɓa katako a hanyarta, ko kuma ka naɗa ta zuwa ciki da zagaye masu yawa har ta jingina da bangon ciki. Ka duba inda fentin ya goge, shi zai gaya maka wanne ne. Gugar nan ba ta tsaya ga ɓata kwalliya ba, domin duk inda tsirkiya ta jingina tana maƙalewa, sai ka murza kunne murya ba ta motsa ba, can kuma ta yi tsalle ta wuce inda kake so.

Akwai wani abu kuma da tsagaggen kai yake da shi. Da yake sandunan suna nutse a cikin katako, tsirkiya tana karyowa daga matashi zuwa ƙasa fiye da yadda take yi a kai shafaffe, saboda haka tana danne matashin da ƙarfi. Wasu makaɗa suna cewa wannan yana ƙara wa murya kyau, ni dai abin da na tabbatar shi ne yana ƙara maƙalewa a gurbin. Maganinsa yana cikin aljihun kowane ɗalibi: ka goga bakin fensir a cikin kowane gurbi kafin ka ɗora tsirkiya, baƙin yana sa ta zame ba tare da ƙara ba.

Kada ka yanke wutsiyoyin sai ka kai kowace tsirkiya saitinta. Wasu tsirkiyoyi masu kauri zuciyarsu zagayayyiya ce, idan aka yanke su kafin su lanƙwashe a jikin sanda naɗin jikinsu yana warwarewa, muryarsu ta mutu tun ba a kaɗa su ba. Bayan saiti ka yanke ka bar kamar rabin santimita, ka tabbata guntun ba ya karce bangon tsagar idan sandar ta juya. Wajen saitin ka yi amfani da manhajar saiti ta waya, ka riƙa kallon lambar da take nunawa, ba harafin kaɗai ba. Ta shida E ce a kan 82, ta biyar A a kan 110, ta huɗu D a kan 147, ta uku G a kan 196, ta biyu B a kan 247, ta ɗaya kuma E a kan 330. Sababbin masu koyo sukan tsinka ta ɗaya ne saboda sun wuce wurin ba su lura ba, suna ci gaba da neman harafin a sama. Idan duka shida sun hau, ka kama kowacce a tsakiya ka ɗaga ta kaɗan a hankali, ka sake saiti, ka maimaita har ta daina sauka. Kuma kullum ka isa saiti daga ƙasa zuwa sama, idan ka wuce ka sauko ƙasa da wurin ka sake hawa.

Idan kuwa binciken farko ya nuna jitarka ta nailan ce, tsarin kai ɗaya ne, sai dai kusan ba a barin rara, domin nailan yana miƙewa da kansa ya ba da zagayen da ake bukata, kuma danne wutsiya a nan wajibi ne. A wajen jaki ana zura tsirkiya daga gefen bakin jita ta fito ta baya da kamar santimita 7, a dawo da ita ta sama, a zagaya ta ƙarƙashin kanta, sannan a murɗa ta a jikin madaukin sau ɗaya ga masu kauri, sau biyu ko uku ga sirara, a tabbata murɗin ƙarshe ya sauka a bayan kusurwar jakin, domin kusurwar ce take kulle shi. Ka ɗan ƙona bakin sirara ukun da ashana, nesa da jitar, ya yi ɗan dunƙule, ka kuma ajiye kwali a bayan jaki, saboda idan siririya ta kuɓuce tana zabga wa allon gaba tabon da ba ya gogewa. Nailan yakan ɗauki mako guda ko fiye yana sauka kafin ya zauna, wannan ba aibi ba ne. Idan ta ɗaya ta tsinke ba ka da wata, igiyar fatsa mai kaurin milimita 0.7 tana iya riƙe maka wurin na ɗan lokaci. Wayar birkin keke kuwa, duk da an san cewa da ita makaɗin jita Mdou Moctar na Nijar ya haɗa jitarsa ta farko, ba ta dace da jitar da kake son ta daɗe ba, tana cin ƙarafan wuya kuma ba a san nauyin janta ba.

Lokacin da jitar take babu tsirkiya shi ne damar tsabtace ta, kuma a garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haƙoran kunnuwan tsagaggen kai galibi a buɗe suke, ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da tsohon maiko ta zama abin da yake cinye ƙarfen. Ka share su da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowanne, ka goge rarar sarai, domin mai da yawa ƙura yake kira. Idan sukurin da yake tsakiyar haƙorin ya saki, ka ɗaure shi kaɗan da sukundireba ba tare da ka matse ba. Katakon da yatsu suke hawa ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi ka busar nan take, kada ka shafa masa man gyaɗa ko manja, suna yin ɗoyi su kuma yi danƙo.

Wajen sayen tsirkiya, tunda sau da yawa sai an yi oda daga Kano ko Legas, ka sayi kwali biyu, ka kuma buɗe ka duba sirara ko sun fara tsatsa tun a cikin leda. Ga tsohuwar jitar da ba a san tarihinta ba, na fi son a fara da marasa nauyi, masu lamba 11 ko 10, ko kuma irin da ake haɗa siliki da ƙarfe. Zufar bazara tana kashe tsirkiya da wuri, don haka masu rufin kariya irin na Elixir, da suka fito a 1997, suna biyan kuɗinsu ga mai yawan gumin hannu, ko da yake goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan kowane kiɗi yana yin rabin wannan aikin kyauta. Idan kuma ka sauya tsirkiya tsakanin Disamba da Fabrairu ka ji tana zizar ƙarafan wuya, kada ka yi saurin zargin ɗaurinka. Katakon jita yana son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a hunturun Sakkwato kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20, sai allon gaba ya bushe ya nutsa, tsirkiyoyi su kwanta, wani lokaci allon ya tsage. Ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa shi cikin gwangwanin sabulu na roba da ka huhhuda, ka ajiye a cikin jakar jitar wajen kai inda ba zai taɓa katako ba, ka riƙa sake jiƙa shi duk lokacin da ya bushe har damina ta kusa. A watan Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, kada ka bar ta a cikin mota ko a jingine da bangon da rana take duka, domin gam ɗin da yake riƙe da jaki yana laushi da zafi alhali tsirkiyoyin suna ci gaba da jansa.